Darasi: Yadda Ake Auna Gida Kafin A Mayar Da Shi Wakafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tambayar da kwamitocin masallatai suka fi yi mana ita ce: idan jama'a suka tara kuɗi domin sayen gidan haya da zai riƙa ɗaukar nauyin masallaci ko marayu, ta yaya za a gane gidan da ya cancanta? Mun keɓe darasin wannan rahoto domin amsa ta.

Asalin wannan aiki sananne ne. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sami fili a Haibara, sai Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalin filin, ya yi sadaka da amfaninsa. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, gida ko filin da aka yi wakafinsa ba a sayar da shi ko da ya lalace, sai a 'yan wurare kaɗan kamar faɗaɗa masallacin Juma'a, ko hanya, ko maƙabarta. Ɗan kasuwa idan ya sayi gida ya ga babu riba, zai sayar ya huta. Kwamitin wakafi ba shi da wannan mafita, don haka duk binciken da za a yi, kafin biyan kuɗi ake yin sa.

Abu na farko shi ne tushen kuɗin. Zakka tana da masu ita, aji takwas da aka ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma haƙƙinsu ne a miƙa musu ita. Kada kwamiti ya taɓa asusun zakka domin cika kuɗin gida. Gidan wakafi da sadakar ganin dama ake sayensa, kuma a rubuta shi a littafi daban.

Na biyu, mallaka. Yawancin gidajen da ake tallatawa a garuruwanmu gidajen gado ne. A tabbata an raba gadon, ko kuwa dukkan magada sun amince a rubuce, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Idan akwai maraya cikinsu, a koma gaban alƙali. Idan kuma rabon mutum ɗaya ne ake sayarwa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato suna iya biyan kuɗin su karɓe rabon. Sa'an nan a tuna da Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma sharɗanta yardarsa kafin a sauya hannun filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati. Shaidar mai unguwa da ta hakimi suna da muhimmanci ƙwarai, amma a haɗa su da binciken takardu a ofishin filaye.

Na uku, wa zai zauna a gidan? Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga babbar kasuwar mako. Saboda haka ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa na neman ɗakuna, sai dai ɗakin ɗalibi kan zauna babu kowa a lokacin hutu. A Bakura da Maradun kuwa, rayuwa ta fi jingina ga noma, musamman noman rani a filayen da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, kuma akasarin magidanta a gidajen iyayensu suke zaune. Gidan da zai cika da 'yan haya a Mafara yana iya yin wata da watanni a rufe a can. Haka nan, matsalar tsaro ta koro mutanen ƙauyuka da dama zuwa cikin gari, ɗakuna suka yi wuya. Bai dace wakafi ya gina lissafinsa a kan tsadar da musibar 'yan'uwa ta haifar ba, kuma muna fatan ranar da za su koma gonakinsu.

Na huɗu, lafiyar ginin. A je da magini amintacce wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. A duba harsashi, da kwano, da masai, da rijiya, da inda ruwan sama ke bi. In da hali, a ga gidan cikin watan Agusta, domin damina ba ta rufa wa gini asiri.

Na biyar, lissafi. Ga misali da muka ƙaddara domin koyarwa kawai. A ce gida ne mai ɗaki 6, kuɗinsa naira miliyan 12, gyaran farko miliyan 2, jimla miliyan 14. Idan hayar kowane ɗaki naira 150,000 ce a shekara, dillali zai ce gidan na kawo 900,000. Mu kuwa sai mu cire hayar ɗaki ɗaya da ba zai rasa zama babu kowa ba, saura 750,000. Mu cire 150,000 na gyaran shekara, da 75,000 na mai karɓar haya, saura 525,000. Wannan bai kai kashi 4 cikin ɗari na abin da aka kashe ba, kuma sai an yi kusan shekara 27 kafin gidan ya mayar da kuɗinsa. Da wannan adadi na ƙarshe ake gwada gida da gida, kuma da shi kaɗai ake yi wa marayu alkawari. Game da kuɗin gyara, malamanmu sun tabbatar cewa shi ake fara cirewa daga abin da wakafi ya samar kafin a raba wa kowa, ko da mai wakafin ya sharɗanta akasin haka, domin idan gida ya rushe sadakar ta yanke.

Muna kuma jan hankalin masu niyyar ba da gidajensu. A mazhabarmu, wakafi ba ya cika sai an fitar da abin daga hannun mai shi, an damƙa wa mai kula da shi, tun yana raye cikin ƙoshin lafiya kuma bashi bai cinye dukiyarsa ba. Wanda ya furta wakafi ya ci gaba da riƙe makulli har ajali ya same shi, gidan ya koma gado. Wanda kuma ya jinkirta sai a ciwon ajali, hukuncinsa na wasiyya ne, ba zai wuce sulusin dukiya ba sai da yardar magada. Saboda haka a rubuta takarda gaban shaidu adilai, a bayyana iyakokin gidan, da waɗanda za su amfana, da mai kulawa, da wanda zai gaje shi a aikin. A ajiye kwafi a masallaci, a kuma sanar da Hukumar Zakka da Wakafi ta Jiha.

Muna roƙon kowane kwamiti da ke da gida a gabansa ya kawo mana takardunsa da lissafinsa mu duba tare kafin a ba da kafin alƙalami. Allah Ya karɓi sadakar masu bayarwa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.