Yadda Ake Zaɓen Daɓen Madafi a Ƙasar Rairayi

Daga Tasawa har Mayahi, duk inda ka sa hauya rairayi za ka tono. Dutsen da ake yankawa a goge a shimfiɗa a ɗaki baƙo ne a nan. Daga nesa ake ɗauko shi, kuma kuɗin mota da asarar abin da ya fashe a hanya duk a wuyan mai saye suke. Saboda haka mai gyaran madafi a wannan yanki yana zaɓe ne tsakanin daɓen gargajiya, siminti, karo (wato tayil), sai kuma dutse ga mai hali.

Kada a fara da kasuwa. A fara da uwargida, domin ita za ta wuni a wurin. Maginin da ya san aikinsa kafin ya ciro mita zai tambaya: "Hajiya, a ina kike ajiye turmi? Da itace kike girki ko da gas?" Amsar nan ita ce rabin aikin. Karo ba ya jure daka. In ana luguden gero a kansa safe da yamma, ba a daɗewa zai tsage ta ƙarƙashin turmin. Zafin murhun itace ma yana fasa shi. Don haka sai a raba wurin: gefen turmi da murhu a bar shi da daɓe ko siminti mai kauri, karo ya tsaya wajen wanke-wanke da ajiyar kwanuka.

Daga nan sai ƙasar kanta, wadda yawancin mutane ke yi wa gaggawa. Rairayi yana zama a hankali, kuma gara na bi ta cikinsa. A kwashe na sama, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana kirɓawa, har sai sawun mutum ya daina fitowa in ya taka. A karkata shimfiɗar zuwa rariya tun a wannan mataki. Gwajinsa bokitin ruwa ne: a zuba a tsakiya, a ga inda ya nufa. In ya kwanta a kusurwa, to a gyara yanzu, don bayan siminti ya kama sai dai a fasa.

Daɓe aikin mata ne, kuma da gayya ake yinsa. Ana baza tsakuwar, a jiƙa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu suna waƙa, sai ƙasa ta haɗe ta yi sumul. Sannan a riƙa yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa, ko na bagaruwa, wanda ke ƙara mata tauri ya kuma ba ta duhun launi. Daɓe yana da sanyi a bazara, ba ya santsi, kuma in ya fashe wuri guda ake facewa. Aibinsa ruwa: inda ake yawan zubar da shi, yakan lalace. A ganina masu raina shi don ana kiransa na ƙauye suna hasara.

Siminti kuwa, na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya, buhunsa kilo 50 ne. A taɓa buhun. In ya yi ƙulalai ya sha danshi, a bar shi. Yashin kwaɓi ya zama mai kaushi, ba lallausan rairayin da iska ke tarawa a bakin danga ba. Awo ɗaya na siminti, uku ko huɗu na yashi. Bayan an shafe, a ba shi ruwa kwana 7 a jere, a lulluɓe da tsofaffin buhuna, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da shi kafin ya yi ƙarfi.

Wajen sayen karo ne ido ke yaudarar mutum. Mai ƙyalli shi ke ɗaukar hankali a shago, amma rairayin da takalma ke shigowa da shi yana kankare shi, kuma in ruwan sabulu ya zuba, tsohuwa ko yaro na iya faɗuwa. Na ƙasa a ɗauki mai ɗan kaushi. A juya bayansa a ɗiga ruwa: wanda ya shanye nan take mai laushi ne, ya fi dacewa da bango, sai an jiƙa shi kafin a liƙa; wanda ɗigon ya tsaya a kansa shi ne mai tauri. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗakin, saboda yanka da fashewa, don in ka koma bayan wata shida da wuya ka tarar da irin launin. In an gama liƙawa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, a ɗaga shi tun magini bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Mai son dutse ya ajiye kuɗinsa don teburin aiki, wanda ake ginawa da tsayin santimita 85 zuwa 90. Nan giranit ya fi komai: wuƙa ba ta cinsa, tukunya mai zafi ba ta dame shi ba. Mabul ya fi shi kyau a ido, sai dai tsami na cinsa. Ruwan lemon tsami ko na tsamiya in ya kwana a kai, tabon ya zauna. Akwai kuma na masana'anta, garin dutse da aka haɗa da danƙo. Ba ya shan mai, amma gindin tukunya mai zafi na ƙona shi, kuma ƙurar yankansa na lalata huhu, har Ostareliya ta haramta shi a 2024. Giranit da karo ma suna da irin wannan ƙura. Duk wanda za a yanka, a fitar da shi tsakar gida, a riƙa zuba ruwa a bakin injin, mai yankan ya rufe hanci da baki, a kuma kori yara daga wurin.