Bayan yaro ya warke daga tamowa: yadda za a riƙe nauyinsa

Uwa, ranar da aka sallami yaronki daga CRENAS ko CRENI ranar farin ciki ce, amma da sauran aiki. Yaro kan iya sake ramewa, musamman a watannin farko.

Me ke faruwa a jikinsa?

Idan abinci ya daɗe bai ishi yaro ba, jikinsa yakan yi tattalin ɗan ƙarfin da ya rage, kamar mai tsimin ruwa a hanyar Bilma. Zuciya da hanta da ƙoda su rage aiki, jiki ya yi sanyi, hanji ya kasa tsotse amfanin abinci. Garkuwar jiki ma takan yi rauni, har cuta ta shiga ba tare da zazzaɓi ba. Shi ya sa a CRENI ake farawa da madarar F-75 kaɗan-kaɗan. Da magani nauyi yakan dawo, amma garkuwar jiki tana biyo baya a hankali. Zawo ko zazzaɓin cizon sauro na iya mayar da hannun agogo baya.

Abin da za ki yi

1. Ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.
2. Daga wata 9 zuwa 23, ba shi abinci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai.
3. Kunun hatsi ya yi kauri. Ƙara garin wake ko gujiya, dafaffen nonon akuya, garin zogale da cokalin mai. Karas na lambunan Ayar da lemun Timia suna da amfani.
4. Wanke hannu da sabulu, ya kuma kwana cikin gidan sauro.
5. Auna dantsensa na hagu kowane mako. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja (ƙasa da milimita 115) haɗari ne.

Ki kai shi CSI ranar nan idan ma'auni ya nuna rawaya ko ja, ƙafafunsa biyu suka kumbura, ya ƙi cin abinci, ko zawo da amai suka kama shi.

Ga wakilan al'umma

Ku riƙa leƙa gidajen yaran da aka sallama, ku duba awo tare da uwa. Iyalin da za su tashi kiwo, ku sanar da su CSI mafi kusa da inda suka nufa, su kuma tafi da katin yaro.