YADDA KWAMFUTA KE RAƊA WA FAYILOLI SUNA

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan magana ta tabbata har a aikin kwamfuta, domin duk fayil ɗin da aka ajiye, da sunansa ake kiransa. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ake raɗa suna idan fayilolin sun yi yawa.

Mu ɗauki shagunan buga takardu na Tudun Wada, kusa da Kongo. A ce an kai wa mai shago hotunan ɗalibai 300 don rajistar jarrabawa. Ba zai zauna yana rubuta suna ɗaya bayan ɗaya ba. Umarni guda zai ba kwamfuta, ita kuwa ta bi jerin ta ƙirƙiro wa kowane hoto sunansa. Sunan kashi biyu ne: kashin da ba ya sauyawa, da wanda ke sauyawa daga fayil zuwa fayil.

To, me ya sa sunan ɗalibi kaɗai bai isa ba? Dalili kuwa shi ne, a aji ɗaya ana iya samun Sani Abubakar biyu. Fayil biyu ba sa zama wuri ɗaya da suna iri ɗaya, saboda haka na biyun yana iya shafe na farko, hoton wani ya faɗa kan takardar wani.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, lamba take amfani da ita. Lambar mai jarrabawa alƙaluma 10 ce: 7 na farko na cibiya, 3 na ƙarshe na ɗalibi. Na farkon ba sa sauyawa a makaranta guda, na ƙarshen ne ke ƙaruwa.

Akwai ƙa'idoji biyu da na ga ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, a cike gurbi da sifili, wato 001 da 002, domin idan kwamfuta ta jera sunaye harafi bayan harafi, sai ta sa 10 kafin 2. Na biyu, a fara kwanan wata da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-03-15, don fayiloli su jeru daga tsoho zuwa sabo.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana da mu riƙa duba lambarmu da hotonmu sosai kafin mu sa hannu a takardar rajista. Rigakafi ya fi magani.