Haƙƙi Yana Bukatar Shaida

Tun kafin boko ya shigo ƙasar Hausa, malamin da ya tsara waƙa da ajami yakan faɗi sunansa a baitocin ƙarshe kafin ya ajiye alƙalami, sau da yawa har da sunan mahaifinsa da na garinsu, sannan ya ƙulla shekarar da ya gama a cikin ramzi. Wanda ya kwafe waƙar ma yakan sa nasa sunan daga ƙasa, don kada a haɗa mai waƙa da mai juya ta. Ba wata hukuma ce ta tilasta musu ba. Sun dai lura cewa takarda tana zuwa inda mai ita bai taɓa takawa ba, kuma tana nan bayan ya kwanta dama, don haka suka sa ta riƙe shaidarta a jikinta. Rajistar haƙƙin mallaka da ake kira ga marubuta da mawaƙa da masu shirya fim su yi a yau, wannan tsohuwar dabara ce aka ba ta ofis da hatimi.

Sai dai ya kamata mai karatu ya fara fahimtar abu guda, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ba rajista ce take haifar da haƙƙi ba. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, da zarar mutum ya ƙirƙiri abu da basirarsa, ya rubuta shi ko ya naɗe shi ko ya zana shi, to ya zama nasa. Haka ma Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanada, wadda Najeriya ta shiga a 1993, kuma Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Littafin da aka rubuta a Kano yana da kariya a Maraɗi ba tare da an cike ko da takarda ɗaya ba. Abin da doka ba ta karewa shi ne tunanin da ke cikin kai. Labarin da ka ba abokinka a majalisa ba ka rubuta ba, ka yi sadakarsa.

To, mai tambaya zai ce, in dai haƙƙin nawa ne tun farko, me zai sa in kashe kuɗi in yi rajista? Amsar tana gaban alƙali. A ɗauki marubuciyar da take buga littafinta a waya, tana sakin shafi-shafi a zauren WhatsApp kowane dare. Wani ya tattara shafukan, ya goge sunanta daga sama, ya sauya sunan littafin, ya shiga sayarwa. Wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube, talla tana kawo masa kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da ta tashi neman haƙƙinta, wayar da ta yi rubutun ta lalace, zauren ya watse, kuma sunan da take amfani da shi na alƙalami ne, ba wanda ke kan katinta na ɗan ƙasa ba. Tana da gaskiya, amma Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron irin wannan ƙara, ba ta aiki da rantsuwar masoya. Da a ce ta miƙa kwafin littafin ga Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, da tana riƙe da takardar da ta nuna sunanta na gaskiya, da sunan littafin, da ranar da aka shigar da shi kundi. Wannan takarda hujja ce da kotu za ta duba, kuma wanda ya musanta ta shi zai nemo abin da ya fi ta ƙarfi. Hukumar ta daɗe da buɗe hanyar yin wannan ta intanet: a cike fom, a ɗora kwafin aikin, a biya kuɗin da aka ƙayyade.

A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware. Takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano izini ce na fitar da aiki kasuwa, lambar ISBN kuwa ta tantance bugun littafi ce. Kowacce da amfaninta, amma ba don tabbatar da mai aiki aka yi su ba.

Akwai kuma masu cewa ilimi ba a yi masa shinge, kuma ɓoye shi zunubi ne. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata gatse ba. Amma rajista ba ta ɓoye komai. Mai littafi yana iya yin rajista yau, gobe ya ce kowa ya buga ya raba fisabilillahi. Bambancin kawai shi ne kyautar daga hannunsa ta fito, kuma yana da ikon hana a cire sunansa ko a cusa masa abin da bai faɗa ba. Ga malamin da ya rubuta littafin fiƙihu, wannan na ƙarshe ya fi kuɗi muhimmanci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta su ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta wanda zai ce takarda ba ta hana ɓarawo sata. Gaskiya ne. Mai tura fina-finai da waƙoƙi a kan tebur bakin kasuwa ba zai tambayi shaidar kowa ba kafin ya cika wa mutum waya, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Har ma maƙaryaci yana iya riga mai gaskiya zuwa hukuma, ko da yake rajistarsa ba ta mayar da shi mai abu, kuma ana rushe ta da hujja. Amma takardar fili ma ba ta hana wani ya yi gini a filinka da dare, duk da haka babu mai hankalin da zai sayi fili ya ƙi karɓarta. Sabuwar dokar ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, kuma wanda ya haɗa koke da shaida ya fi saurin samun kunne. Haka nan ƙungiyoyin da ke karɓar wa masu fasaha ladan aikinsu, irin su MCSN ta mawaƙa da AVRS ta masu fim, ba sa biyan mutum sai sun san wane aiki ne nasa.

Rigimar ma ba kullum daga baƙo take zuwa ba. Waƙa ɗaya ta fim takan haɗa wanda ya rubuta baiti, da wanda ya rera, da mai kiɗa a situdiyo, da furodusan da ya biya. Duk abokai ne, an yi ciniki da baki, sai waƙar ta yi kasuwa kowa ya tuna abin da aka faɗa daban. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Doka ta ce sayar da haƙƙi ɗungurungum ba ya tabbata sai a rubuce, kuma fom ɗin rajista yana tilasta wa mutane su amsa tambayar da kunya ta hana su yi wa juna: na wane ne?

Sai batun magada, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Haƙƙin littafi da na waƙa yana ɗorewa tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, na fim da na sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga fitarsu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Bisa wannan lissafi, kariyar waƙoƙin da ya ƙirƙira za ta kai ƙarshen 2069. Wato dukiya ce da jikoki ma za su taras. Ranar rabon gado ana kawo takardar gida, a ƙirga shanu, a auna gona, amma littattafai talatin da mamaci ya bari a hannun 'yan kasuwa ba mai ambatonsu, domin marayun ba su san adadinsu ba, balle wanda aka sayar da wanda aka ba da aron bugu kawai.