Darasin Mako: Gasar Ironman, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo mana darasi kan tirayatalon, wato gasar da ta haɗa wasanni uku a jere: ninkaya, tseren keke da gudu. Za mu duba mafi shahara cikin masu dogon zango, wadda ake kira Ironman, mu ga yadda ake shirya mata da yadda ake tafiya wata ƙasa domin yin ta.

Mece ce Ironman?

Ɗan wasa zai fara da ninkaya ta kilomita 3.8 a teku ko tafki. Da fitowarsa zai hau keke ya yi kilomita 180. Yana sauka sai ya shiga gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Jimilla kilomita 226 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Agogo ba ya tsayawa ko lokacin sauya tufafi, kuma a yawancin wurare awa 17 ake bayarwa. Wanda ya wuce haka ba a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala.

An fara gasar a watan Fabrairun 1978 a tsibirin Owahu na jihar Hawai da ke Amurka. Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy ne suka shirya ta, bayan gardama kan wa ya fi juriya tsakanin mai ninkaya, mai keke da mai gudu. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kammala. Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da gasar Kona, a babban tsibirin Hawai. Can ne Paula Newby-Fraser, wadda aka haifa a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, ta ci gasar duniya sau 8.

Yadda ake atisaye

Mai shirin wannan gasa yakan ɗauki wata shida zuwa shekara guda yana atisaye, sau da yawa fiye da awa 10 a mako. Ƙa'ida ta farko ita ce ƙari a hankali. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala, amma jijiyoyi da ƙasusuwa suna ɗaukar lokaci. Wanda ya ninka nisan gudunsa cikin mako guda, ciwon gwiwa ko na agara ne zai zaunar da shi. Shi ya sa bayan 'yan makonni na aiki tuƙuru ake sa mako guda mai sauƙi, domin a lokacin hutu da barci ne jiki yake gyara kansa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce haɗa wasannin. Wanda ya shafe sa'o'i yana murza feda, idan ya sauka ya fara gudu zai ji ƙafafunsa sun yi nauyi. Don haka ake yin atisayen sauka daga keke a shiga gudu nan take, har jiki ya saba.

Ƙa'ida ta uku ita ce koyon cin abinci ana cikin tafiya. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka ba ya wuce aikin awa biyu idan ana aiki da ƙarfi. Saboda haka 'yan wasa sukan ci giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, kamar ayaba da lemon wasanni. Ruwa ma da lissafi ake shan sa. Rashinsa yana kayar da mutum, yawansa ba tare da gishiri ba kuma yana tsinka gishirin jini, abin da kan kai mutum asibiti.

Idan ya rage mako biyu ko uku, sai a rage atisaye ƙwarai don gajiya ta fita. Wanda bai shirya ba tun farko, wahalar makon ƙarshe ba za ta ƙara masa komai ba.

Tafiya ƙasar waje

'Yan wasa da yawa sai sun bar ƙasarsu kafin su sami inda ake yin gasar. A nahiyarmu, fitacciya ita ce ta birnin Gqeberha, wato tsohon Fot Elizabet, a Afirka ta Kudu. Gasar duniya kuwa ba a shiga ta haka kawai, galibi sai mutum ya ci gurbi a wata gasar. Dole kuma ya kai shekara 18.

Shirin tafiya yana farawa watanni kafin ranar: rajista, fasfo, biza, masauki, da katin rigakafin cutar shawara ga ƙasashen da ke neman sa. Keken kansa sai an kwance masa tayoyi, feda da sirdi, a sa shi cikin akwati na musamman, a biya kuɗin kaya. Masu dabara sukan riƙe hular kwano da takalman wasa a jakar hannu. Idan akwati ya makara za a iya aron keke, amma gudun kilomita 42 da sabon takalmi sai ya saɓule ƙafa.

Sai batun lokaci da yanayi. Afirka ta Kudu tana gaban Najeriya da awa 1 kacal, amma Hawai tana bayanmu da awa 11. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano, ƙarfe 1 na dare ne a Kona. Jiki yana buƙatar kwanaki kafin barcinsa ya daidaita. Sabawa da zafi kuma takan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kuma hanyar keke a Kona ta ratsa baƙaƙen duwatsun aman wuta ne, ga zafi ga iska mai ƙarfi. Wanda ya isa ana gobe gasa ya riga ya cuci kansa. Dokar da kowa ke bi ita ce: ranar gasa ba a gwada sabon abinci ko sabon kaya.

Ranar gasa

Babban kuskure shi ne zuba ƙarfi gaba ɗaya a kan keke, a manta akwai gudu a gaba. A Fabrairun 1982 wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba a ɓangaren mata, sai ƙarfinta ya ƙare dab da layin ƙarshe. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, ta zo ta biyu da tazarar daƙiƙa 29. An nuna wannan a talabijin, kuma ya sa duniya ta san gasar.

Abin da ya shafe mu

Mu ma akwai ranar gasa a gabanmu: jarrabawar WAEC, NECO da JAMB. Haddar daren ƙarshe daidai take da fara atisaye ana gobe tsere. Mu raba karatu cikin watanni, mu riƙa gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanmu, mu yi barci isasshe, mu tanadi katin jarrabawa da biro tun da wuri. A zaure kuma kada tambaya ɗaya ta cinye mana lokacin sauran.

Aikin gida

1. Idan ɗan wasa yana tafiyar kilomita 30 a awa, awa nawa zai yi a kan keke?
2. Akwai rabin Ironman: ninkaya 1.9, keke 90, gudu 21.1. Kilomita nawa ne jimilla?
3. Idan an tashi gasa ƙarfe 7 na safe a Kona, ƙarfe nawa ne a nan?

A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.