Yadda Ake Zaɓen Ranar Fita da Na'urar Gano Ƙarfe a Madina

Wani yaron unguwarmu a Zangon Madina, a gefen Akra, ya dawo daga Jado, can arewacin Nijar inda aka yi rububin zinariya tun 2014, ya zo da na'urar gano ƙarfe a jakarsa. Da aka watse daga wani biki ɗan kunnen zinariyar gwaggona ya ɓata a filin da aka kafa rumfa, sai muka kirawo shi. An kwana ana ruwa. Ya damƙi ƙasa ya matse, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri sai jibi, ƙasar nan ta ƙoshi da yawa." Jibin kuwa ya tono mata shi. A wurinsa na koyi abin da zan faɗa, kuma na gwada na gani.

Sai ka fara sanin abin da na'urar take yi. Farantin da ke bakin sandarta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da amsa, na'ura ta yi ƙara. Matsalar ita ce ƙasa ma tana amsawa. Jar ƙasa da marmarar da ke wajajenmu cike suke da sinadarin ƙarfe, shi ne ma ya ba su wannan ja, kuma ruwa yana ƙara wa gishirin da ke cikin ƙasa ƙarfin ɗaukar lantarki. Aikinka shi ne ka raba muryar ƙasa da muryar abin da kake nema.

To ka dubi watan da ake ciki. Akra tana da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙamas, dagi ya riƙa tsalle a kanta. Na'ura takan yi shiru sosai a lokacin, amma haƙa wahala ne, kuma mai sara da ƙarfi shi ke lotsa zoben da ya zo nema. Ranar da ta fi kyau ita ce kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, da sassafe.

Da isarka ka gwada ƙasar da hannu. Ka tona kamar tsawon yatsa, ka ɗebi danƙi ka matse. In ta dunƙule, sannan ta wargaje da ka taɓa ta da babban yatsa, laimar ta yi daidai. In ruwa ya fito ko ta manne kamar tuwo, koma gida.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tsohon baƙin ƙarfe da ya daɗe a binne, tsatsarsa takan bazu cikin ƙasar da ke kewaye da shi. In laima ta shiga, na'ura sai ta ji shi ya fi girmansa. Zinariya kuwa ba ta tsatsa, don haka ba ta samun wannan ƙarin. Shi ya sa bayan ruwa ƙusa da guntun kwano suke cika ka da ihu, ɗan kunne kuma yana nan da siririyar muryarsa. A unguwannin Nima da Mamobi, inda kowane taki akwai marfin kwalba ko tsohuwar waya a ƙasa, wanda ke bin babbar ƙara kaɗai zai wuni yana tono shara.

Sai daidaita na'ura da ƙasa, kuma wannan matakin ba a tsallake shi. Ka sami wurin da babu ƙarfe, ka riƙa ɗaga farantin kana saukewa a hankali har gurnanin ya lafa. In ka tashi daga busasshen tudu ka gangara inda ruwa ya kwanta, ka sake. In rana ta take farantin ya yi zafi, ka sake. Daga nan ka binne wani zobe kamar zurfin taƙi, ka wuce ta kansa ka ji yadda muryarsa take a yau. In na'ura na surutu babu dalili, ka rage mata ƙarfin ji. Ka kuma nisanci taransifoma da manyan wayoyin wuta, ka kashe wayarka. Farantin ya bi ƙasa dab-da-dab, kana kaɗawa sannu, kowane zagaye yana hawa rabin na baya.

Bakin teku irin Labadi wani karatu ne daban. Busasshen yashi ba ya wahalar da kowa, amma jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yana rikita ƙananan na'urori masu zango ɗaya. Wurin sai irin masu aiki da bugun lantarki, kamar Minelab GPX da 'yan Jado suka sani, ko masu zango da yawa.

Da ka ga hadari ya haɗo, naɗe kayanka. Walƙiya tana sa na'ura ƙara tun tana nesa, kuma kana tsaye a fili da sandar ƙarfe a hannu. Yawancin farantai suna jure ruwa, akwatin sarrafawa kuwa ba kowanne ba. Kada kwaɗayi ya kai ka cikin babbar kwatar Nima ko bakin kogin Odo da damina. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san saurin ruwan garin nan.

Neman abin da ya ɓata daban, haƙar ma'adini daban. Dokar ma'adinai ta Gana ta 2006 ta ce duk zinariyar da ke cikin ƙasa ta gwamnati ce, haƙa sai da lasisi. Ɗan'uwa, ka nemi izinin mai fili kafin ka sa dagi, ka mayar wa mai abu abinsa, ka cike ramin da ka tona kafin ruwa ya zo yaro ya faɗa.