Darasin Wannan Wata: Mahaucin Tsuntsaye, Baƙonmu na Rani

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan tsuntsu ne da ke ziyartar gonakinmu kowace shekara. Masana suna kiransa Lanius senator. A harshen Latin, Lanius na nufin mahauci.

Kamanninsa

Tsawonsa kamar santimita 18 ne, wato ya ɗan fi gwara girma. Ƙeyarsa ja ce, cikinsa fari, bayansa baƙi da fari. Yana da baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli. Bakinsa a lanƙwashe yake kamar na shaho.

Tafiyarsa

Ba a nan yake sheƙa ba. Yana ƙyanƙyasa a ƙasashe irin su Sifen, Italiya, Girka, Turkiyya da Maroko, inda macen kan yi ƙwai 5 ko 6. Idan sanyi ya gabato can, ƙwari sukan yi ƙaranci. Sai ya taso, ya ƙetare hamadar Sahara, yawanci da dare. Yakan iso arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da kaka, ya yi rani da mu, ya koma wajen Maris ko Afrilu.

Abincinsa

Yakan zauna shi kaɗai a ƙolin itace ko kan shinge yana dako. Da ya hango fara, buzuzu ko ƙaramin ƙadangare, sai ya faɗa masa. Ƙafafunsa ba su da ƙarfi irin na shaho. Saboda haka wani lokaci yakan soke abin da ya kama a jikin ƙaya, kamar yadda mai tsire ke soke nama a tsinke, sannan ya yayyaga. Wanda ya rage ya zama ajiya.

Abin lura

Wannan tsuntsu ba ya cin gero ko dawa. Maƙiyan amfanin gona yake ci, ba tare da manomi ya biya ko kwabo ba. Amma yawansa na raguwa a ƙasashen Turai da dama. Mu ma muna da abin yi. Mu bar aduwa, magarya da farar ƙaya a gefen gona, domin su ne mazauninsa. Kada mu yi feshi fiye da ƙima. Mu hana yara harbinsa da danƙo. Baƙon da ke yi mana aiki kyauta ya cancanci kyakkyawan masauki.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiransa mahauci?
2. A wane lokaci yake zuwa ƙasarmu?
3. Rubuta sunayen itatuwa uku masu ƙaya da ke ƙauyenku.